Aikin da Ya Fi Tsawo

Rumfar Baba tana bakin ruwa, ƙasa da inda ake sauke kifi a Yelwa, daidai wurin da hanya take ƙarewa laka ta karɓa. Ƙera jirgin katako ita ce sana'arsa, kuma a hannun mahaifinsa ya same ta. Tun ina ƙarami na san cewa a rumfar nan ba a yanka wa'adin aiki da kwanan wata. Masunci zai ce yana son jirginsa kafin farin ruwa, wato ruwan da damina take turo mana mai launin koko. Wani ya ce kafin baƙin ruwa, wanda yake isowa da sanyi daga can nesa, ya riga ya tace a hanya. Su kuwa mutanen gungu, masu noma a tsibiran cikin tafki, albasa ce wa'adinsu. In ta nuna ba ta jiran kowa, ko ka sami jirgin da zai kai ta kasuwa ko ka zauna kana shaƙar warinta.

Baba mutum ne da bakinsa ba ya iya mayar da aiki. Kowa ya zo da buƙatarsa, sai ya shafa gemu ya ce, "To, Allah shi kai mu." Wannan bai zama matsala ba a lokacin da rumfa take cike da hannuwa. Amma a 'yan shekarun nan ta watse. Waɗanda ya koya wa aiki, wasu sun bi haƙar zinari, wasu sun hau kabu-kabu, ya rage daga shi sai gizagonsa. Karɓar aiki kuwa bai rage ba ko kaɗan. Sai aka fara zuwa ana tarar da jirgi a kife yadda aka bar shi, ana juyawa ba sallama. Akwai shekarar da wani manomi ya yi asarar albasarsa saboda jiran Baba. Mutumin bai zage shi ba, bai kai ƙara ba, ya dai daina tsayawa a sahu ɗaya da shi a masallaci. Da zagin ya yi, da ya fi wa Baba sauƙi.

A cikin wannan hali na dawo gida bayan bautar ƙasa, da digirin ilimin kwamfuta da ba wanda ya nemi ya gani. Na kai takardu ofisoshi har takalmina ya siɗe, daga baya na haƙura na koma zaman ƙofar gida. Wata rana Inna ta same ni ina danna waya, ta tsaya a kaina ta ce, "Kai dai wayagga taka ka sani. Ubanka na can, mutane sun hwara gaisuwa da shi a tsaitsaye. Karatun da kay yi babu abin da za shi yi mai?"

Abin dariya, akwai. Aikin da na rubuta na kammala makaranta a kan jera ayyuka ne, irin lissafin da malamai suke kira algoridim. Tambayar ita ce: ga ma'aikaci ɗaya, ga ayyuka da yawa, kowane da tsawonsa da wa'adinsa, kuma ana iya miƙa wasu ga wani a waje. Da wanne za a fara, wanne za a miƙa, don waɗanda za su makara su zama mafi ƙaranci? Amsar ba ta da wuyar faɗa. Ka jera ayyukan, wanda wa'adinsa ya fi kusa a gaba. Ka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya kana haɗa kwanakinsu. Duk inda ka ga wani zai wuce wa'adinsa, sai ka waiwaya cikin waɗanda ka riga ka ɗauka, ka zare wanda ya fi tsawo, ka miƙa shi waje. Masana sun tabbatar babu wani jerin da ya fi wannan rage masu makara. Na so wannan lissafi ƙwarai a makaranta, don ba ya son kowa, ba ya jin kunyar kowa.

Na sami Baba a rumfa na karanta masa abin, har da yadda littattafai suke kiran ma'aikacin nan ɗaya da suna inji. Ya ajiye guduma ya dube ni.

"Wato ni na injin?"

Na ce haka dai suke rubutawa.

"To ka gaya ma malamanku injinga gwiwatai na ciwo."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma ya yarda a gwada. Na zauna da shi ina tambaya, yana kimanta mini yaushe ruwa kaza yake zuwa, kwana nawa faci kaza yake cinye masa a yanzu, ba a da ba. Wannan tambaya ta biyu ta fi ba shi haushi. Na zuba komai a wayata. Wanda za mu riƙa miƙa wa aiki kuwa ba mu sha wahalar nemansa ba. A Wara akwai wani da ya tashi a rumfarmu tun ina rarrafe, Yaya nake ce masa. Ya kafa tasa rumfar, da zarton lantarki da janareto da ma'aikata. Da Baba ya kira shi, cewa ya yi, "Maigida, ko mi kaka so a yi, an gama."

Abin ya yi aiki, kuma ba zan rage masa komai ba. Daga wannan damina ba wanda ya sake zuwa ya tarar da jirginsa a kife. Masunta suka dawo zama a bencin rumfa suna gardamar kifi. Inna ta fara zuba mini nama biyu a miya tana cewa ashe karatun bai tafi a banza ba. Ni ma na ɗan ji kaina. Mutumin da ya gaji da jin "a dawo wata mai zuwa" a bakin masu gadin ofis, in ya ga abin da ya koya ya gyara wani abu, dole ya yi tafiya yana buɗe kafaɗa.

Sai dai a rumfar maƙerin jirgi aikin da ya fi tsawo guda ɗaya ne kullum: sabon jirgi. Faci kwana kaɗan ne. A cire ruɓaɓɓen katako a sa wani, a cusa tsumma a tsaga, a bi da kwalta, a ƙara ƙusa inda ta saki. Sabon jirgi kuwa yana cin makonni. Saboda haka duk lokacin da jeri ya cushe, lissafi ya waiwaya, sabon jirgin yake kamawa, mu kuma mu aika Wara. Jeri kuwa bai taɓa rashin cushewa ba. Farin ruwa ya zo ya wuce, baƙi ya zo ya wuce, aka sake zagayowa, Baba bai shimfiɗa ƙasan sabon jirgi ko ɗaya ba. Hannunsa ya koma baƙi ƙirin da kwalta. Masu son sabo ma suka gane hanya, suka daina biyowa ta wurinmu, suka riƙa wucewa Wara kai tsaye. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi.

Bai yi ƙorafi ba sai wata rana da la'asar, muna zaune yana kankare kwalta daga farcensa da tsinke. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗazu wata mata tac ce ma ɗanta shi kai tukunya wurin mai faci. Ni taka nufi." Sannan ya ce, "Ba ni son in mutu ana ce min mai faci. Ka duba wayagga taka. Sabon jirgi guda ɗai nika so. In shimhiɗa shi, in tada shi, in tura shi ruwa da hannuna." Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce zan duba.

Ba a jima ba dama ta zo da ƙafarta. Wani dattijo daga gungu, abokin Baba tun suna samari, ya sauka a rumfa bayan farin ruwa ya fara kwantawa. Tun daga nesa yake kiran, "Mai gizago! Kana nan ko ka tsuhwa?" Baba ya ce, "Na gungu, wa ya kai ka tsuhwa, kai da haƙoranka sunka ƙare?" Suka gama tsokanar juna, sannan dattijon ya faɗi abin da ya kawo shi. Babban jirgi yake so, na ɗaukar albasa, kafin baƙin ruwa ya ja baya. Ya ce, "Na san hanyar Wara, ba ɓacewa niy yi ba. Hannunka nika so." Na ga fuskar Baba a lokacin. Ban taɓa ganin dattijo ya yi murna irin ta yaro haka ba.

Matsalar ita ce lokacin shi ne lokacin faci. Farin ruwa yakan zo da kututture da tarin kainuwa, yana bugun jirage, kuma a shekarar ya yi ɓarna. Ƙananan jiragen masunta suna jere a gaban rumfa, kowanne mai shi yana son ya koma ruwa kafin baƙi ya iso. Kowane jirgi a cikinsu gida guda yake ciyarwa.

Na zauna da lissafin nan na juya shi ta kowace fuska da na sani. Na ba sabon jirgin nauyi fiye da sauran, yadda ake yi in wani aiki ya fi wani daraja. Ya tsaya a jeri, amma masunta da yawa suka faɗo. Na gwada a raba shi gida-gida, a yi faci da safe a yi sabo da yamma. Sai kowa ya makara, har da dattijon. Na ce to a juya abin, a aika facin Wara a bar wa Baba sabon. Na kira Yaya, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi gaskiya: ma'aikatansa ba za su tsayar da inji don toshe tsaga ba. Ko da ya yarda ma, jirgin da yake shan ruwa ta ina zai kai Wara? Na nemi wani mai faci a nan kusa, na tarar duk wanda ya iya ya bar garin ko ya bar sana'ar. Har wani malamina na makaranta na kira. Ya saurare ni da kyau, ya ce abin da na yi daidai ne, babu jerin da zai fitar da kowa, sai dai in ƙara ma'aikaci. Na ce na gode, a raina kuwa na ce a wace kasuwa ake sayar da shi.

Na gaya wa Baba yadda abin yake, ban ɓoye komai ba. Na lissafa masa mutanen da za su rasa farkon baƙin ruwa in ya riƙe jirgin nan, kuma duk ya san su, ya san iyayensu. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wayarka ba ta san ni ba." Washegari ya sa aka sauke katako.

Makonnin farko na ga Baban da na sani ina yaro. Yana fita da asuba, gwiwar ma kamar ta manta da ciwo. Ya zaɓi katakan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Ya shimfiɗa su, ya fere gefensu da gizago har suka haɗu ba ko tsagar da allura za ta shiga. Yana aiki yana ɗan waƙe-waƙensa a ciki. Na kama masa abin da zan iya, riƙe nan, miƙo can, amma hannun da ya saba da biro ba ya ƙara wa maƙeri sauri. Ina murna da murnarsa, ina kuma kallon kwanaki suna tafiya yadda lissafi ya ce za su tafi, ba ragi.

Masunta ba su yi masa rashin kunya ba. Abin da suka yi ya fi haka nauyi. Kullum da safe sai su zo su gaishe shi, su koma gefe su zauna a kan jiragensu da suke kife, suna gyaran raga suna kallon ruwa. Baƙin ruwa ya fara shigowa, waɗanda jiragensu suke da lafiya suna dawowa da kifi, su kuwa suna zaune. Wata rana matar ɗaya daga cikinsu ta shigo wurin Inna neman aron garin tuwo, suka yi magana ƙasa-ƙasa a ɗaki. Da Inna ta ajiye wa Baba abinci ya ga idonta. Bai ci ba.

Da safe ya rufe sabon jirgin da tsohon tamfol, ya hura wuta a ƙarƙashin gwangwanin kwalta. Ya ce mini, "Karanto min, wa aka hwarawa da shi?" Na karanto. Ya ce kwana kaɗan ne, zai gama da su ya koma kan nasa. Na san ba haka ba ne, shi ma ya sani, don yana gama ɗaya wani yake isowa. A ƙarshe abin da muka samu ya fi kowane jerin da na gwada muni. Masunta sun riga sun makara, sabon jirgi kuma ya tsaya daga ƙasa sai haƙarƙari, gefensa bai kai rabi ba.

Dattijon gungu ya zo da albasa ta fara kwantar da ganye. Wannan karon bai yi kira daga nesa ba. Ya ɗaga tamfol ya duba, ya daɗe yana shafa katakon, ya sauke. Suka zauna a benci su biyu, suka yi maganar ruwa, suka yi maganar wani abokinsu da ya rasu, suka yi maganar komai ban da jirgin. Baba ne ya gaji ya ce, "Na gungu, a kai shi Wara. Yaron can ya iya aiki, ni na koya mai." Dattijon ya ce, "Ka gahwarce ni." Baba ya ce, "Kai za ka gahwarta min." Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, kuma na rasa wanda zan ji haushi, don ba wanda ya yi ba daidai ba.

Aka ɗaura wa rabin jirgin jarkoki a gefe da gefe don kada ya nutse, aka ja shi a bayan wani mai inji. Baba ya tsaya a laka har suka ɓace. Da za mu koma ya ce mini, kamar mai lallashin kansa, ai ƙasan jirgi shi ne jirgi, sauran duk ado ne. Ko wa ya ƙarasa, ƙasan nasa ne. Wannan magana ita ya riƙe, ya maimaita wa Inna, ya maimaita wa masu zaman benci.

Yaya ya cika alkawari, jirgi ya fito a kan kari. Ranar wata kasuwa dattijon ya iso da shi shaƙe da buhunan albasa, sabon fenti yana ƙyalli. Bayan an sauke kaya ya sa aka turo shi gaban rumfarmu don Baba ya gani. Mutane suka taru suna yabawa. Baba ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa har gwiwa, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa gefe. Sannan ya sunkuya ya tura hannu ƙarƙashi yana shafa ƙasan. Katakon da aka fere da gizago yana da 'yan kwarmi-kwarmi da tafin hannu yake ji, na inji kuwa sumul yake. Na ga hannunsa ya tafi gaba, ya dawo baya, ya matsa wani wuri ya sake shafawa. Ya daɗe a sunkuye.

Daga baya na kira Yaya na tambaye shi. Ya ce awon Maigida da ido ne, nasu da ma'auni, katakansu sun ƙi zama a kan nasa. In za su bi awonsa ba za su cika wa'adi ba, shi ya sa suka kwance komai suka sake bi da inji. Ya ce itacen dai shi ne, ba su zubar da ko guntu ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa Baba. Na ce ba sai na gaya masa ba.

A bakin ruwan kuwa, da Baba ya miƙe, dattijon ya ce, "Ya ka gani, Mai gizago?" Baba ya share hannunsa a riga ya ce, "Ya yi kyau. Ba shi shan ruwa." Ya yi masa addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, ya fito ya koma kan gwangwanin kwaltarsa.

Da yamma muna tafiya gida, yana gaba ina baya, ya tsaya ya huta gwiwa. Ya ce, "Cikin wayagga taka akwai wurin da kaka rubuta sabon jirgi daban?" Na ce akwai. Ya ce, "Cire shi."

Ban cire ba. Har yau yana rumfa yana faci, idonsa ya fara raguwa, ni ma har yau ban sami aikin ofis ba, ina jera masa ayyuka kuma ba mai makara. Wurin yana nan a wayar, amma tun daga ranar ba wanda ya zo da abin da zan rubuta a cikinsa.